Shanun Da Ke Cikin Waya

Lokacin da aka katse sabis a Zamfara, mu masu rubuta manhaja a Gusau mun koma kamar masunta a busasshen tafki. Duk abin da na iya ginawa sai ya yi magana da wata babbar kwamfuta a can nesa kafin ya motsa. Sai na shiga neman rumbun bayanan da zai zauna cikin wayar mutum, ba ya jiran kowa. Na gwada wanda ke ɓuya cikin burauza, manhajar shiga intanet, ya yi ta mantuwa. Na gwada wani, ya fi ƙarfin ƙananan wayoyinmu. A ƙarshe na dace da wanda ke tattara komai cikin fayil guda, na yi ta murna kamar na haƙa rijiya.

Wanda ya fara amfani da manhajar da na gina a kansa mahaifin abokina ne, wani dattijon makiyayi daga bayan Tsafe. Kowace saniya ya ɗauki hotonta, da tsagar kunnenta, da sunan uwarta, don in an kore su ya sami shaida. Na ce ya bari in riƙe kwafi.

"A'a, ɗana," in ji shi. "Wanda yas san yawan shanunka ya san kuɗin kanka."

Ban yi musu ba, don gaskiya ya faɗa.

Da damina aka kore garken. Bayan an daɗe sai labari ya zo cewa an ƙwato wasu shanu, an tara su a wani fili wajen Bungudu, mai shaida ya zo ya karɓi nasa. Muka yi zan tarye shi a tasha mu wuce tare.

Ya sauko daga mota fuskarsa ba daɗi, ya miƙo mini wayar. Na buɗe manhajar, wayam.

"Baba, me ya faru?"

"Munka taho, sai direba yat taka burki, motoci sun tsaya gaba. Kowa na ta share waya tai. Ni ma nis share."

Duk mai bin wannan hanyar ya san dokar: in masu garkuwa da mutane suka tare ku, waya suke fara bincika, abin da suka gani ciki shi ke yanke maka farashi. Ashe tirela ce ta lalace a tsakiyar titi. Raina ya ɓaci har na rasa wanda zan zaga. Ni na yi fayil ɗin guda don ya yi sauƙin ɗauka, sauƙin gogewa kuma ya biyo shi kyauta.

Duk da haka muka je. Shanun sun rame, ƙashin haƙarƙari a waje. Ya tsaya bakin shinge ya yi wani kira a hankali, wata farar saniya ta ɗago kai ta nufo shi. Jami'in da ke wurin ba mugu ba ne, amma ya ce mutum uku sun riga sun rantse a kanta, kuma kira ba shaida ba ne.

Da muka dawo tasha na ce in sake shirya masa manhajar, wannan karon in ɓoye ta yadda ba mai gani. Ya danƙa mini wayar a hannu.

"Riƙe ta, ɗana. Hoton mi za ni ɗauka?"