Ɗakin da muka koyi ainu

Mu biyar ne a ɗakin, can ƙuryar dahiliyya, gidan kwanan ɗaliban jami'a a Hartum. Ba hukuma ce ta haɗa mu ba. Babbanmu, wani dogo ɗan wajen Managil mai karatun shari'a, shi ya yi ta lallaɓar 'ya'yan Larabawa yana musayar gado da su har ya tattaro mu wuri guda. Ni daga ƙauyenmu na bakin kogi kusa da Suki na zo, karatun aikin gona. Kwanana uku da zuwa, ina layin karɓar kisra, wainar dawar da ake ba mu, ya dafa kafaɗata ya ce ƙasa-ƙasa da Hausa, "Kai, ɗan wane gari na?" Saura kaɗan kwanon ya suɓuce mini. Na zaci na ɓoye kaina sarai, ashe daga gaisuwata ya gano ni.

Na so ɗakin nan, kuma har yau ina jin haushinsa. In an rufe ƙofa sai Hausa ta ɓalle. Kowa ya dawo hutu da ƙullin uwarsa, kuka ce, daddawa ce, ƙuli-ƙuli ne, ran Juma'a mu tuƙa tuwon dawa a kan risho. Akwai wani ɗan Kamlin da Hausarsa ta gama lalacewa, sai ya ce mace "ya zo", mu yi ta yi masa dariya har ya yi zuciya ya ƙi cin tuwon. In ɗayanmu ya kwanta da zazzaɓi, sauran ne uwa da uba.

Amma ba don tuwo babbanmu ya tara mu ba. Dukanmu da sharaɗi aka ɗauke mu: kafin mu gama, kowa ya kawo jinsiyya, takardar da ke shaida kai ɗan ƙasa ne. Ba ita, ba aikin gwamnati. Ni da nake mafarkin zama mai duba gonakin auduga, sai dai in koma in tsinci audugar kamar ubana. Mu kuwa da ake kira Fallata, ko a nan aka binne cibiyarka sai ka kawo mahaifinka gaban jami'i, ya rantse kakanni sun riga Turawa zuwa. Babbanmu ya ce jami'in ba rantsuwa yake saurara ba, maƙogwaro yake saurara. Bahaushe yana cewa na'am, Balarabe ma yana cewa na'am, amma nasa daga can cikin wuya yake fitowa, da harafin ainu. Namu a baki yake tsayawa.

Saboda haka kullum bayan la'asar sai mu zauna bakin gadaje muna kakarin ainu, kamar awakin da suka haɗiyi ƙashi. Wanda nasa bai fita ba shi zai wanke kofunan shayi. Wata biyu ina wanke kofuna. Daga baya na ƙware har nakan gyara wa wasu, kuma in faɗi gaskiya, na ji daɗin kaina.

Da hutun shekarar ƙarshe ya zo, na tafi gida da niyyar shirya mahaifina. A hanyar gabas aka haife shi, lokacin da iyayensa suka baro yamma, ya buɗe ido a bakin kogin nan bai san wata ƙasa ba. Mutum ne mai kunya, ko sunana ba ya kira don ni ne ɗan fari. Na same shi a inuwar rumbu yana gyaran igiya, na zauna na yi masa bayani.

Ya ce, "To mi a laihin na'am ɗina? Shi nika amsa ma kowa da shi."

Na ce, "Baba, ba laifi ba ne. Su dai ba haka suke faɗa ba."

Ya ajiye igiyar ya ce, "Tau. Gwada man."

Kwana goma sha biyu muka yi. Tsoho mai furfura, wanda ya sauke Alƙur'ani tun ba a haife ni ba, yana kallon bakina yana maimaitawa, ni kuma ina cewa "sake". Wani lokaci har tsawa nake yi masa. Uwata takan leƙo daga madafa ta ce, "Wai kashe shi za ka yi?" Shi kuwa sai ya yi tari ya goge ido ya sake gwadawa. Na koya masa inda zai ce an haife shi, da sunan kakan da zai ambata. Na ari jallabiya da rawani irin nasu, na naɗa masa da hannuna.

Lori muka hau zuwa garin da ofishin yake. Muka jira tun hantsi har rana ta take, sannan aka kira mu. Ina gaba yana bayana. Na yi sallama da Larabcina mai kyau, na ga jami'in bai dube ni ba, bayana yake kallo. Na waiwaya. Mahaifina ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya shigo ya durƙusa a kan siminti, kansa a sunkuye, yadda ake gaida babba a garinmu.

Jami'in ya yi ɗan murmushi ya ce da Larabci, "Tashi, alhaji, mun gane." Ya ja layi a kan takardata ya tura ta gefe, ya ce a kira na gaba. Ko tambaya ɗaya bai yi masa ba. Shekara uku muna gyaran maƙogwaro a ɗakin nan, mu biyar masu ilimi, ba wanda ya tuna da gwiwa.

A lorin dawowa na zauna kusa da shi, cike da haushi. Mun wuce wata babbar gadar ruwan gona sai ya taɓa hannuna ya ce, "Na'am." Daga can cikin wuya ya fito, tsaf, ko babbanmu ba zai gyara shi ba. Ya ce, "Ya hita?" Na ce ya fita, Baba. Na juya fuskata wajen gonaki.

Da na koma dahiliyya na ba su labari, ba wanda ya yi dariya. Babbanmu ya ce daga yau a ƙara maganar durƙuso cikin abin da ake koya wa sababbin zuwa. Abin da ɗakin ya iya yi mini ke nan. A cikinmu biyar mutum ɗaya ya samu takardar, ɗan Kamlin ɗin da muke yi wa dariya. Ni na gama karatun na koma gida da kwalina, na sa shi a ƙasan akwatin uwata.

Ranar da na iso, na tarar da mahaifina a inuwar rumbu. Na tuɓe takalmi, na tafi zan durƙusa in gaishe shi kamar kullum. Ya yi wuf ya riƙe kafaɗuna da hannu biyu.

Ya ce, "A'a. Miƙe tsaye. Ko wata rana su sake kiranka, kar gwiwarka ta saba."

Ba su sake kirana ba. Shekara tara ya yi bayan nan, kullum a tsaye nake gaishe shi.