Ranar da Aka Rasa Mace Ɗaya a Filin Softbol

Shekarun baya kaɗan, lokacin muna zaune a wani ɗan ƙaramin gida a unguwar Glenwood ta garin Greensboro, can ƙasar waje, maigidana ya kamu da son wani wasa da ake kira softbol. Abokan aikinsa na sito ne suka ja shi. Mutumin da ya tashi a Zariya yana buga tamaula ba takalmi, sai ga shi wata rana ya shigo gida da hular hana-sallah da wata ƙatuwar safar hannu ta fata, faɗinta kamar faranti, yana cewa daga yau a riƙa kiransa ɗan wasa.

Ga wanda bai san wasan ba, abin ba wuya a baki. Wani zai jefo maka ƙwallo, ka maka mata sanda, ka ruga ka taka wasu fararen abubuwa uku masu kama da matashin kai da aka ajiye a fili, ana ce musu bes, sannan ka dawo inda ka tashi, wato gida. Duk wanda ya dawo gida ya ci maki ɗaya. Idan aka cafe ƙwallon a sama, ko aka riga ka kai ta bes, an fitar da kai. Idan aka fitar da mutum uku, sai ɗaya ɓangaren ya karɓi bugu. Gasar tasu ta gari ce, ta ma'aikata masu neman motsa jini, kuma maza da mata ake haɗawa a kowace ƙungiya.

Ni aikina a filin daban ne. Ni ce mai kular zoɓo da robar fanke, ni ce kuma mai gadin yara uku. Babbar 'yata tana aji ɗaya a lokacin, ba ta da aiki sai tambaya. Ƙaninta bai kai shiga makaranta ba, shi kuma burinsa a duniya ya ci jar ƙasar filin nan. Ga jaririya a kafaɗa. Na yi bazara guda ina zuwa kallo duk Asabar, amma in gaya muku gaskiya ban taɓa ganin wasa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Idan na ji ihu sai in ɗago in tafa, ban san ma ko mu aka ci ba.

A wannan bazarar mahaifiyata tana wurinmu. Ta zo haihuwar jaririyar ta zauna mana. Mama mace ce mai nauyin baki. Ba ta faɗa, kallo ɗaya take yi, sai ka ji ka gyara zama. Ni da nake da 'ya'ya uku, nake aikin jinya ina ba manyan mutane umarni, a gabanta komawa nake yarinyar firamare. Takan bi mu filin don kada ta zauna ita kaɗai a gida. Sai ta kafa kujerarta a inuwa, carbi a hannu, tana kallon manyan mutane suna gudu cikin rana ba ta cewa komai. Ni dai na fassara shirun nan da cewa abin bai yi mata ba.

Ranar da abin ya faru ana zafin nan na Greensboro mai ɗanko, wanda kana fitowa daga mota riga take manne maka a baya. Wasa ne babba: wanda ya ci zai je wasan ƙarshe, wanda aka ci ya tattara sai baɗi. Ƙungiyar su maigidana ba ta taɓa kai wannan matakin ba. Abokan karawar kuwa yawancinsu daga wajen Irving Park suke, unguwar masu hali, riguna iri ɗaya, jakunkuna iri ɗaya, har ruwan shansu a jere yake.

Ana gab da farawa na ga mutanenmu sun taru suna ta duba waya. Ashe ɗaya daga cikin matan ƙungiyar ce ɗanta ya faɗo daga keke, ta wuce da shi asibiti. Dokar gasar kuwa ita ce idan mata ba su cika ba, ba wasa, an ba ɗaya ɓangaren nasara. Alƙalin wasa ya ce zai ɗan jira, idan aka samo wata mace kuma kyaftin ɗin can ya yarda, shi ba ruwansa. Kyaftin ɗin can, wani dattijon Bature mai fara'a, ya ce shi wasa ya zo yi, a kawo ko wace ce.

Aka waiwayo wurin 'yan kallo. Matan da ke ɓangarenmu mu uku ne: wata mai tsohon ciki, da Mama, da ni.

Maigidana ya kalle ni, ya kalli surukarsa, ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da take a ɗaure. Kyaftin ɗinsu ne ya yi ta maza. Abokin maigidana ne, ɗan zangon Kumasi, mai wayon tsiya. Bai ko kalle ni ba. Ya wuce kai tsaye gaban Mama, ya cire hula ya durƙusa.

“Hajiya, barka da hutawa. Alfarma muka zo nema. A ara mana Anti ta tsaya mana a fili. Wallahi tsayuwa kawai za ta yi.”

Na yi sauri na ce, “Haba Malam, ni da ban taɓa riƙe sandar nan ba? Ga goyo, ga…”

Mama ta ɗaga min hannu. Ta tambaye shi, “In ba ta shiga ba fa?”

“Shi ke nan Hajiya, an cire mu. Ko jifa ɗaya ba za a yi ba.”

“Duk wahalar nan da kuka sha cikin rana?”

“Duka, Hajiya.”

Ta sa carbinta a jaka, ta miƙo hannu biyu. “Ba ni yarinyar.”

Na tsaya ina kallonta. Ta ce, “Ba da ke nake ba? Mutane na jira.”

Kafin in farga an kewaye ni. Wata Baturiya mai tuƙa motar ɗaga kaya a wurin aikinsu ta ciro min takalmin gudu daga but ɗin motarta, ya yi min yawa kaɗan. Allah ya sa akwai wando a ƙarƙashin doguwar rigata, na tattare rigar na ɗaure a ƙugu, na cusa bakin hijabi cikin wuya. Aka ɗora min riga mai lamba a sama. Babbar 'yata tana tsalle tana gaya wa duk wanda ya wuce, “That's my mommy!”

Suka kai ni can ƙarshen fili ta hannun dama, inda suka ce ƙwallo ba ta cika zuwa ba. Na tsaya da safar nan a hannu ina karanta duk addu'ar da na sani, roƙona ɗaya, Allah ya kau da hankalin ƙwallon nan daga kaina. Sau ɗaya ta nufo ni. Na ga ta taso sama tana girma, na rufe ido na ɗaga safar a kan fuskata. Ta faɗi gefe, wani saurayi ya rugo ya ɗauke. Ya ce min na yi ƙoƙari. Na san ƙarya yake, amma na ji daɗi.

Bugu na farko kuwa ba a magana. Na kai wa iska duka har sau uku, na ukun sai da na juya gaba ɗaya na fuskanci alƙali. A na biyu sandar ta taɓa ƙwallon, na ji “ƙwas”, murna ta sa na tsaya ina kallonta har aka fitar da ni ban ɗaga ƙafa ba. Ana cikin haka ɗana ya zille ta ƙasan wayar shinge ya shigo tsakiyar fili, bakinsa jajir da ƙasa, ya kawo min kofin zoɓonsa wai in sha. Sai da aka tsayar da wasa, 'yan ƙungiyar can suna dariya suna tafa masa, babansa ya saɓo shi a kafaɗa yana wutsil-wutsil.

Amma wani abu ya fara shiga jikina. Na fara gane lissafin. Na fara ihu a daidai wurin ihu. Da muka shiga zagayen ƙarshe suna gabanmu da maki ɗaya, na ɗauki abin da zafi kamar ni na kafa ƙungiyar.

Aka fitar mana da mutum biyu. Maigidana yana kan bes na uku, taku kaɗan ya rage masa ya dawo gida. Sai na ji kowa ya yi tsit. Na duba in ga wa zai buga, na ga duk ni suke kallo.

Kyaftin ya raɗa min, “Anti, kada ki nemi ƙarfi. Ki taɓa ta kawai. Kuma don girman Allah, wannan karon ki gudu.”

Jifa na farko na kuskure. Na biyu na bari ya wuce. Na uku na ce bismillah na kai mata. Ba wani bugun kirki ba ne, gangarawa ta yi a hankali kamar ƙwai ya suɓuce daga tire, ta tsaya tsakanin mai jifa da mai tsaron gida, kowannensu yana jiran ɗan'uwansa ya ɗauka. Na yar da sanda na zura.

A nan ne na ji wata murya ta tsaga filin, da Hausa tsantsa.

“Ɗaga gwiwa! Ɗaga gwiwa! Kada ki waiwaya!”

Na taka bes kafin ƙwallon ta iso. Maigidana ya riga ya shige gida, maki ya zama daidai. Na juyo ina haki in ga mai wannan murya. Mama ce. Tana tsaye jikin waya, jaririya goye a bayanta, ta ci ɗamara da mayafi, takalmanta a hannu.

Ban gama mamaki ba kyaftin ya shigo bugu. Ya maka wa ƙwallon nan wani irin duka, ta tashi ta wuce kan kowa ta nufi bakin bishiyoyi. Duk ƙungiyarmu ta ɗauki ihu in ruga. Na ruga. Na taka bes na biyu, takalmin aro ɗaya ya fice ya bar ni. Na nufi na uku da ƙafa ɗaya a safa, hijabina ya ɓalle yana kaɗawa a baya. Ta gefen ido ina hango Mama tana bin waya tana tafiya daidai da ni, tana cewa, “Yanke kwana! Sa hannu! Saura kaɗan, 'yar nan, saura kaɗan!” Maigidana yana bakin gida yana juya hannu kamar mai ba mota hanya.

Har yau 'yan ƙungiyar suna cewa zamiya na yi irin ta ƙwararru. Ba zamiya ba ce. Rigata ce ta kwance ta harɗe ni, na tafi rub da ciki, tafin hannuna ya sauka a kan farantin da ke alamar gida. Ƙwallon ta iso bayan hannuna. Alƙali ya ware hannuwansa biyu, alamar na tsira, mun ci wasa, filin ya kece da ihu.

Ban san wa ya ɗaga ni ba. Baturiyar mai takalmi ta rungume ni tana kuka. Yarana biyu sun maƙale min a ƙafa, babbar tana ihu, ƙaramin yana ihu don ya ga ana yi. Maigidana ya manta da kunyar suruka, yana ta tsalle a gaban Mama yana cewa, “Mama kin gani? Kin gani?” Ita kuwa ta riga ta warware ɗamara ta gyara mayafi ta koma kujerarta, kamar ba ita ba. Jaririyar ko motsi ba ta yi ba, barcinta take.

A mota muna komawa, jikina duk jar ƙasa, na kasa haƙuri.

“Mama, wai ina kika san su ɗaga gwiwa da yanke kwana?”

Tana kallon titi ta ce, “A makarantar 'yan mata ni nake karɓar sanda a ƙarshe, a gudun ba-ni-in-ba-ka. Har Kaduna aka kai mu gasa a bayan akori-kura. Ba takalmi na yi gudun, na wuce wata doguwa 'yar Filato a bakin layi.”

Na ce, “Mama! Shi ne ba ki taɓa gaya mana ba?”

“Wa ya tambaye ni?”

Babbar 'yata ta leƙo daga kujerar baya da Hausarta mai tangal-tangal. “Kaka, kin iya gudu? For real?”

Mama ta ce, “Bari mu sauka ki gani.”

Kuma da muka isa sai da aka yi. A kan titin ƙofar gidanmu, gaban ɗaliban jami'a maƙwabtanmu da ke zaune a baranda, Mama ta tuɓe takalmi ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da jikarta. Maigidana ya ba da alama. Daga akwatin wasiƙunmu zuwa bishiyar kwana, Mama ta ba yarinyar nan rata, ba ta ko yi mata kara ba. Ɗaliban suka miƙe suna tafi.

Washegari a zaune na yi sallah, cinyoyina sun ƙi lanƙwasuwa. Wasan ƙarshe kuma, da matar da ɗanta ya faɗo daga keke ta dawo na koma wurin kulata, an lallasa mu ba tausayi. Ba wanda ya damu sosai.

Abin da ya zauna min a rai shi ne hirar cikin motar nan. Na girma a gaban matar nan, na san yadda take son shayinta, na san kallon da ke nufin a yi shiru, na ɗauka na gama saninta. Ashe uwa kawai na sani. Yarinyar da ta hau bayan akori-kura zuwa Kaduna tana nan a cikinta duk shekarun nan, ba mu taɓa gaisawa ba. Kuma ina kallon nawa yaran yanzu, su ma a wurinsu ni mai zoɓo ce da neman safar makaranta.

Mama ta koma gida tuntuni, gwiwoyinta ma sun fara ba ta wahala. Amma tun daga lokacin, duk kiran bidiyo da za mu yi, bayan an gama gaisuwa da labarin yara, nakan ajiye mata tambaya ɗaya wadda ba ta shafi girki ko tarbiyya ba. Takan yi kamar na dame ta, sannan ta gyara zama.

Makon jiya na gano ta taɓa tuƙa tarakta.