Gasar Share Akwati da Hanyar Damaturu

A duk shekarun da na yi ina kula da kwamfutocin ofishinmu a Potiskum, akwai wata Alhamis da har gobe ba ta fita raina ba. Lokacin rikici ya yi zafi, an hana hawa babur, la'asar na yi kowa ya nufi gida. A wannan halin ne shugabanmu, Alhaji Sale, ya dawo daga taron bita a Abuja da sabon ilimi: wai ma'aikacin zamani ba ya kwana da saƙo ko ɗaya a akwatin imel.

Ya sa na kafa allo da sunayenmu. Duk Alhamis da azahar in duba akwatin kowa. Wanda nasa yake wayam a manna masa tauraro, wanda ya fi kowa tari a Alhamis ɗin ƙarshen wata kuwa shi zai kai rahoton ofis Damaturu. Ku yaran yanzu kuna jin Damaturu kamar nan da kasuwa. A lokacin, mai bin hanyar Damagum sai ya nemi gafarar iyalinsa kafin ya fita. Don nuna shugabanci nagari, Yallaɓai ya ce a sa sunansa a sama.

Kan ka ce kwabo aiki ya tsaya, gasa ta kankama. Karanta saƙo ya zama ɓata lokaci, amsawa kuwa ganganci, don mutanenmu in ka amsa musu za su dawo da godiya, ka ce amin, su tambayi iyali. Sai dai a goge, ko a tura wa na kusa wai ya ɗauki mataki. Akawunmu ya cika layinsa da taurari bai karanta komai ba.

Baba Bukar mai kula da sito ne ya ƙi. Kowa ya san an tare motar ƙaninsa Modu a wannan hanyar, bai dawo ba. Saƙonnin da Modu ya riƙa aiko masa daga makaranta suna nan birjik a akwatinsa. Na ce, “Baba, bari in kwashe maka su zuwa wata ma'ajiya, ba za su ɓata ba.”

Ya ce, “Ɗana, da safe in na buɗe, sunansa nake fara gani. Bar min shi a nan. In Damaturun ce, na je.”

Wallahi raina ya ɓaci.

Madam Rifkatu, sakatariyarmu, tana jin mu. Ta san Yallaɓai ya saita akwatinsa yana amsa kowane saƙo da kansa: “Na gode, saƙonka ya iso.” Ta ce in koya mata wannan dabara, na koya mata. Tata amsar ita ce, “Allah ya ƙara girma, Yallaɓai.” Ranar Alhamis ɗin ƙarshen wata, yana fita zagaye da hantsi, ta aika masa barka da aiki.

Shi ke nan, kwamfutoci biyu suka shiga gaisawa kamar surukai, wannan ta gode, waccan ta yi addu'a, ba mai yarda ta yi shiru. Kafin azahar akwatin Yallaɓai ya cika ya batse. Nata kuwa tana zaune tana gogewa, tana cin gyaɗa.

Na rubuta sakamako a allo kamar yadda doka ta ce. Yallaɓai ya daɗe tsaye yana kallo, ya cire hula ya mayar. Can ya ce, “Na yi nazari mai zurfi. Wannan tsari bai dace da al'adunmu ba.”

Madam ta ce, “To rahoton fa, ranka ya daɗe? A kira direba?”

Ya ce, “Wane irin direba? A tura ta imel mana.”

Abin da na koya ke nan a aikin ofis: in doka ta matsa muku, kada ku wahalar da kanku da ƙorafi, ku dai tabbata sunan mai ita yana kan allo. Baba Bukar ya yi ritaya da akwatinsa a cike. Ranar sallamarsa ya roƙe ni abu ɗaya, in mayar masa da Modu cikin wayarsa.