Likkafanin da Na Bari a Bakin Teku

Da furfura a gemuna na fara zama a zauren malamin unguwarmu a Birnin Kudu, ina koyon jan alƙalami. Yanzu da hannuna ya ɗan faɗa, abin da na fara so in rubuta shi ne tafiyarmu bakin teku ni da yayan matata, domin shi ya daɗe yana ba da labarin a kasuwar Gwaram yadda ya ga dama.

Mutumin Farin Dutse ne, manomi kuma maharbi, mai ƙarfi da saurin hannu. Tun ranar da aka ba ni ƙanwarsa bai taɓa ganina da gashi a ka ba. Ni ina ce masa Yaya, shi yana ce mini "Sanyi". Shekarar da muka bi ayarin fatake zuwa Gwanja da jakunan kanwa, matata ta kawo mini farin saƙi a naɗe. Ita ta kaɗa zaren da hannunta. Haka al'adar take, mai doguwar tafiya yana ɗaukar likkafaninsa, don kada ya mutu a hanya ya zama nauyi ga baƙi. Yaya ma yana da nasa, na mahaifiyarsu. Da za mu fita ta riƙe bakin jakata ta ce, "Malam, ka san halinsa. Ka dawo mini da shi."

A Gwanja muka tarar goro bai iso ba, madugu ya ce sai an jira. Yaya ba ya iya zama. Ya ji wasu fatake za su gangara kudu da fatu har inda ƙasa ta ƙare, ya ce lallai sai ya ga ruwan da ba shi da tsallake, da gidan Nasara, da namun dajin da ake faɗa. Ban so ba, amma na bi shi saboda maganar matata.

Ƙasar ba ta karɓe ni ba. Iska jiƙe take kullum, wuƙa tana tsatsa a cikin kube, riga ba ta bushewa. Abincinsu ƙullun masara ne mai tsami a naɗe cikin ganye, da kifi da barkono. Teku kuwa ba ya yin shiru ko kaɗan, kamar mai faɗa da wani. Mun sauka a zango wurin wani tsoho Bakatsine da ya daɗe a can har ya auri 'yar gari, yana jin yarensu. Shi ya zaga da mu. Ya nuna mana masunta suna tura dogayen kwalekwale cikin igiyar ruwa suna waƙa, da aku masu jan wutsiya a kan kwakwa. Ya kai mu wani tsohon farin gini a kan dutse, ya shigar da mu ɗakunan ƙasa masu duhu da wari, inda ya ce a da ake tara bayi kafin jirgi ya zo. Akwai wata 'yar ƙofa da ke kallon ruwa. Na tsaya a bakinta ina kallon teku. Yaya ya ce, "Wannan ai rumbun Nasara ne," ya yi dariya shi kaɗai.

Bayan gari akwai kurmi, cike da birai baƙaƙe masu farin gemu da farar jela. Ba sa tsoron mutum. Suna shiga gidaje su ɗauki ayaba, mata su bi su da kallo kawai. Mai masauki ya ja mana kunne tun a hanya.

"Ku ji nan, 'yan arewa. Biran nan mutanen garin sun ɗauke su dangi. Ko tsawa kada ku yi musu."

"Dangi?" in ji Yaya. "To, na ga kama."

"Rufe bakinka, ɗan nan. Akwai masu jin Hausa."

Wanda bai yi noma a gindin duwatsunmu ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. A wajenmu biri ɓarawo ne. Yana saukowa daga dutse ya tone gyaɗa, ya karya dawa, ya bar gida da yunwa. Tun muna ƙanana ake ɗora mu a kan dakali a gona da majaujawa, hannu ya saba tun kafin hankali ya zo. Muna zaune da hantsi a bakin kurmin, Yaya ya kwance ƙunshin guzurinsa, sai wani babban biri ya diro ya sure. Kafin in buɗe baki dutse ya tashi daga hannun Yaya. A gindin kunne ya same shi. Birin ya faɗi, ya ɗan shure, shi ke nan.

Wata mata mai tulu ta kurma ihu. Nan da nan gari ya fito, maza da adduna, aka buga ganga. Suka kama Yaya suka ɗaure shi a jikin wata ƙatuwar bishiya, wata tsohuwa ta tofa masa yawu a fuska. Ni ma na sha mari biyu ban san daga ina ba. Dattawansu suka zauna a kan kujerun katako, mai masauki yana tsakani yana juya magana, gumi yana zuba a gemunsa.

Ya dawo ya ce mana, "Abu biyu ne. Ko wanda ya yi kisan ya zauna nan yana bautar kurmin har ya mutu, ko ku yi wa mamacin sutura irin ta mutum. Sun san fatake na yawo da farin ƙyalle. Shi suke so, ba sabo daga kasuwa ba. Na wanda ya kashe."

Yaya ya ɗago kai. "Likkafanin da uwata ta kaɗa? A kan biri? Ka faɗa musu su yanka ni."

"Ba yanka ka za su yi ba, shara za ka yi wa birai har ka tsufa."

Na durƙusa kusa da shi na ce, "Yaya, ƙyalle ne fa. A bar shi ya tafi, mu mu koma gida."

"Kai dai Sanyi ne har kabari. Taɓa jakata ka gani."

Na tuna ɗakunan nan na ƙasa, na tuna hannun matata a bakin jakata. Na ce wa mai masauki ya tambaye su ko za su karɓi nawa, tunda gida ɗaya muke. Suka daɗe suna gardama. Daga baya wani mai sanda ya ce sun yarda, amma ni zan haƙa ramin, ni zan ɗauka.

Na haƙa. Ƙasar ja ce mai danƙo, cike da saiwa. Na shimfiɗa saƙin matata, na naɗe birin a ciki, yatsunsa kamar na tsoho. Na ɗauke shi a kafaɗa, mata na kuka a bayana, ganga na tashi, sauran birai suna bin mu ta saman itatuwa. Ban yi masa salla ba, ban karanta ko harafi ɗaya ba, Allah shi ne shaida. Na sa shi a rami na mayar da ƙasa. Sannan aka kwance Yaya, aka ce kada rana ta faɗi muna garin.

Har muka koma Gwanja bai ce mini uffan ba. Na ɗauka kunya ce. Ashe ajiya yake yi. Ranar kasuwar Gwaram ta farko bayan dawowarmu, ina sauke goro, na ji muryarsa daga rumfar mahauta: "Jama'a, ku ba da hanya, ga limamin birai!" Ya ba su labarin teku da aku da farin gini, ya ba su labarin yadda na yi wa biri jana'iza har da kabbara. Bishiyar da aka ɗaure shi kuwa ba ta cikin labarin. Kafin wata ya ƙare sunan ya riga ni isa Sundimina. A masallacin unguwarmu wani dattijo ya janye kafaɗarsa daga tawa a sahu. Da aka yi rasuwa a maƙwabta na ɗauki fartanya zan taya haƙa, aka karɓe daga hannuna aka ce in huta.

Matata ta zazzage jakata tana neman saƙin ta wanke. Na faɗa mata duk yadda aka yi. Ta ce, "Shi nasa yana nan?" Na ce yana nan. Washegari na ga ta ɗauko mazari da auduga ta zauna a inuwar rumbu.

Yaya yana Farin Dutse har yau, ya yi ƙiba, ya ga jikoki. Likkafaninsa na cikin tukunya a ɗakin uwarsu, ko gara ba ta taɓa ba. Duk salla nakan raka matata gaishe shi, in durƙusa a zaure in ce, "Yaya, barka da salla." Yakan dubi na kusa da shi ya ce, "A kawo wa liman ruwa." Nakan sha, in ajiye ƙwaryar, in jira ta gama gaisawa da dangi mu kama hanya.