Turmi da Akushi a Motar Munkaila

Munkaila direba mutumin Dogarawa ne, ɗan manoma, amma shi tun tasowarsa bai ga abin sha'awa a hauya ba. Ya yi shekaru yana bin motocin siminti daga Malbaza zuwa Maraɗi da Yamai har ya iya tuƙi. Da mahaifinsa ya rasu ya sayar da gonar da ya gada, ya sayi tsohuwar Fijo 404, a-kori-kura, daga hannun wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, da aka yi wa canjin wurin aiki. Daga ranar ba shi da gona, ba shi da akuya, motar nan ita ce cinsa da shansa, shi da matarsa Uwani da ƴaƴansu. Ni tela ne, shagona yana kallon tashar garin, saboda haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Motar ta ga duniya. Alluran gaban direba duk sun mutu, ta mai da ta gudu da ta zafin inji. Gilashin da ke bayan kan direba, tsakaninsa da fasinjojin baya, ya daɗe da fashewa, sai ramin kawai. Ta nan mata ke miƙo masa goro, ta nan kuma ake ce masa ya tsaya. Abin da ya riƙe motar a kan hanya shi ne kunnen Munkaila. In fambel ya saki, ko ruwa ya fara tafasa a lagireto, shi ya ji tun kowa bai ankara ba, sai ya gangara gefe, ya buɗe bonet, ya ɗaure abin da ya kwance, ya zuba ruwa daga jarka. A haka yake kai mutane kasuwar Konni duk Laraba, sauran ranaku kuma ya bi kasuwannin ƙauye.

Bayan an sake buɗe iyakar Najeriya a 1986, sai ga Fijo 504 sun fara shigowa, masu kujeru masu laushi da rediyo mai kaset. Wani matashi, Lurwanu, ya kawo ɗaya tasharmu. Samari ne suka fara komawa wurinsa, sannan ƴan mata, sannan, abin kunya, har dattawan da ke cewa kiɗa aikin banza ne. Aka bar Munkaila da wata tsohuwa mai sayar da albasa, Zulai, ita ma don buhunanta ba sa shiga 504 ne. Wata Larabar sai rana ta take bai cika mota ba.

Mutum mai hankali zai ce kujerun ne suka ja mutane. Munkaila ya ce kiɗan ne. Ya ƙetara Illela ta Najeriya ya sayo tsohon rediyon mota mai kaset, ya kai wa Iliyasu mai gyaran rediyo a Konni ya haɗa masa. Iliyasu ya leƙa motar, ya leƙa rediyon, ya yi dariya.

"Wagga mota ba kiɗi taka so ba, addu'a taka so," in ji shi.

Munkaila ya ɗauke kayansa. Ya rantse da hannunsa zai haɗa, ya kuwa haɗa, a inuwar itacen bedin da ke gaban shagona.

Ya yanke ƙarfen gaban mota da kurfi da guduma, ya tura rediyon, ya tokare shi da guntun takalmin roba don kada ya yi rawa. Ya jawo waya kai tsaye daga batir, ta wani rami da tsatsa ta riga ta huda masa. Karon farko ya juya wayoyin, fis ya ƙone, ya naɗe shi da takardar azurfar kwalin sigari ya mayar. Sifiku kuwa daga cikin matattun rediyoyin gari ya ciro su, manya da ƙanana, ya liƙa wayoyinsu da dalma da ƙusar da ya gasa a garwashin mai shayi. Da ya kunna, abin ya yi magana, amma da siririyar murya kamar kukan sauro.

Shi da kansa ya gano dalili. Ya lura in ya kifa sifika a bakin bokiti muryar takan yi kauri, wato abin yana son ciki. Ya gwada kwali, ya yi laushi. Ya gwada ƙwarya, ta tsage a ramin farko da ya faɗa. Tulu ya ba da murya mai daɗi, amma bai kai Malbaza da rai ba. Daga nan ya koma kan itace. Ya ɗauko akusan tuwo biyu na mahaifinsa, baƙaƙe masu nauyi, ya kafa wa kowanne sifika a baki. Babbar sifikar kuma ba abin da ya yi daidai da ita sai turmin Uwani. Ya jira ta tafi suna, ya huda gindinsa don waya ta wuce.

Har shagona ta biyo shi da taɓarya a hannu.

"Malam, turmin nau kah huda? Da mi za ni daka hatsi?"

"Ki yi haƙuri, sabo za ni sawo miki ran Laraba."

"Da uwata tak kawo ni gidanka tak kawo shi," ta ce. Ta juya ta tafi, kuma ta jima tana daka a gidan maƙwabta.

Turmin ya ɗaure shi da igiyar roba a baya, ƙarƙashin ƙarafan tamfol, bakinsa yana kallon fasinja. Akusan ne suka rasa wurin zama, don gaban 404 ba fili. Sai ya auna ramin gilashin nan da ya fashe, ya yanko katako daidai da shi, ya toshe ramin ruf, ya kafe akusan a jiki, ɗaya bayan kunnensa na dama, ɗaya bayan na hagu. Aikin ya yi kyau, ban hana shi ba. Ni na ɗinka masa jan ƙyallen da ya rufe bakunansu.

Ranar da ya fara kunnawa a tasha, da kalangu ya buga a cikin turmin nan sai da kwanon mai ƙosai ya yi ƙara. Rediyon Lurwanu ya koma abin wasan yara. Samari suka dawo, ƴan mata suka dawo, har ana rigimar wurin zama kusa da turmi. Damina guda da kaka guda Munkaila ne sarkin tasha. Ya saya wa Uwani sabon turmi, ya yi ƙiba kaɗan, ya fara sa hula a karkace. Na yi masa murna, don ban taɓa ganinsa cikin walwala irin ta lokacin ba.

Abin ya faru wata Laraba da bazara, ana zafi mai tsanani. Mota ta cika maƙil, samari biyu a gaba tare da shi, kiɗa a ƙure. Sun wuce Malbaza kaɗan tiyon lagireto ya fashe. Zulai, da ke zaune a kan buhunanta tana kallon baya, ita ta fara ganin layin ruwa yana bin su a kan kwalta. Ta juya za ta yi magana ta ramin da ta saba, ta tarar da katako. Ta buga da tafin hannu, wasu suka taya ta, suka bubbuga rufin, suka yi ihu. A gaba ba wanda ya ji komai sai kalangu. Injin ya tafasa, ya bushe, ya yi ta ƙwanƙwasa, duk a gaban mutumin da a da ko ƙusa ta kwance sai ya sani. Kusa da Tsarnawa motar ta shaƙe, ta yi tsaye cik, hayaƙi ya turnuƙe bonet.

Da yake daga batir ya jawo wayar, injin ya mutu amma kaset bai tsaya ba. Waɗanda suke wurin sun ce ya daɗe zaune riƙe da sitiyari, kiɗa na tashi, mutane na sauke kayansu. Sai da Zulai ta zagayo ta tsaya a tagarsa.

"Ɗan nan, kashe abin ga hakanan. Tun Malbaza muka kiran ka."

Ya kashe. Ya ce mata, "Inna, wallahi ban jiya ba."

Barmo makanike ya zo daga Konni ya buɗe injin, ya ce kan injin ya tsage, fistin sun kafe, sai dai a sa wani. Munkaila ba shi da abin da zai sayar ya sayi wani. Aka jawo motar da shanu zuwa ƙofar gidansa, ta yi watanni a kan duwatsu, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Daga baya masu sayen gawar mota suka zo da wata motar siminti da ke komawa ba kaya, suka loda ta. Bai fito ba ranar. Uwani ce ta tsaya har suka gama, ta rufe ƙofa. Na ji tausayinsa ƙwarai, ban kuma san abin da zan ce masa ba, sai ban je ba.

Larabar da ta biyo baya na buɗe shago da sassafe, na hango shi a tasha. Ya yi wanka, ya sa rigarsa mai tsabta, yana tsaye a bakin ƙofar motar Lurwanu yana ɗaga hannu.

"Konni! Konni! Saura mutum guda!"

Da motar ta cika ya rufe wa fasinja ƙofa a hankali, ya ja da baya ya ba ta hanya.