Guzuri Har Sau Uku

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bar mini ɗakunan baƙi biyu a ƙofar gidanmu da ke Dubeli. Ya kuma bar mini wata ɗabi'a tasa wadda ta ba ni wahala fiye da ɗakunan.

Ɗakunan ba na 'yan haya ba ne. Na masu zuwa kwana biyar ko goma ne, su gama abin da ya kawo su Jimeta su koma. Malam ya gina su wajen lokacin samun mulkin kai, sa'ad da jiragen ruwa ke hawowa Binuwai da damina, kwata ta cika da fatake masu gyaɗa da fata. Baƙo ya sauka, a ba shi gado da tabarma da buta da randa cike da ruwa. Ranar tafiya ya ba da abin da aka saba bayarwa.

Ɗabi'ar kuwa ita ce, Malam bai taɓa tambayar baƙo ranar tafiyarsa ba. Cewa yake wannan tambaya ko a bakin maƙiyi ba ta da daɗi. Idan akwai wani a hanya kuma ana bukatar ɗakin, sai ya ce in haɗa guzuri: kifin banda, dakuwa, soyayyiyar gyaɗa, a ƙunshe a ɗaure da igiyar kaba, a yi mata hannun riƙewa a sama. Da la'asar ya kai da kansa, ya ajiye, ya ce, "Ga ɗan abin nan, ba yawa." Kashegari ka tarar da ɗaki a share. Fatake sun san ɗaurin, kuma ban taɓa jin wanda ya ji haushi ba.

Malam ya rasu da bazara, bayan an yi jihohi an haɗa mu da Maiduguri. Da na fita takaba na ci gaba da saukar da baƙi, domin da su muke ci ni da yara. Amma baƙin sun sake. Yaƙin basasa ya tsayar da jiragen, fatake sun yi ƙaranci. Masu zuwa yanzu ma'aikata ne da suka sami hutu, su da matansu da rediyonsu. Wani ya ɗora rediyo a kan murfin randa, kullum sai na roƙe shi kafin a zuba ruwa. Wata ta hura gawayi a cikin ɗaki don kada iska ta dame ta, bango ya koma kamar gindin tukunya. Duk na haɗiye.

Akwai ɗaki na uku a ƙofar gidan, yana kallon na baƙi. Turakar Malam ce. Da aka raba gado an kwashe rigunansa, amma gadonsa da buzunsa da hular da ke rataye a ƙusa na roƙa aka bar su. Na sa kwaɗo, na ɗaure mabuɗin a bakin zanena. Ban sake shiga ba, kuma ban yi niyyar wani ya shiga ba.

A damina ta biyu bayan rasuwarsa ruwa ya karya rufin ɗaki guda. Ɗayan kuwa wani akawu ne a ciki da matarsa, sun zo hutu daga Maiduguri su ga dangin matar. Yaro ne mai ladabi, ba ya wuce ni sai ya rusuna ya ce, kamar yadda ake kiran uwa a nan, "Dada, an tashi lafiya?" Ban tambaye shi kwana nawa zai yi ba, shi ma bai faɗa ba.

Ran wata Laraba direban motar garin Garwa ya kawo saƙo. Wani Alhaji, tsohon abokin Malam, wanda tun da aka gina ɗakunan bai taɓa sauka wani gida ba, zai iso ran Talata da matarsa za a duba mata ido a asibiti. Rashin lafiya ce ta hana shi zuwa ta'aziyya. Mutumin da ba zan iya turawa gidan wani ba ke nan. Ko akawu ya tashi kafin Talata, ko in kwance mabuɗin nan.

Ran Alhamis na haɗa guzuri, na ɗaure yadda Malam ke ɗaurewa, na kai da la'asar.

"Ga ɗan abin nan, ba yawa."

"Kai, Dada! Wannan hidima haka? Allah ya saka da alheri."

Na koma cikin gida da sanyin rai. Da safe na leƙo don in ga ɗaki a share, sai na ga igiya cike da wanki. Kafin azahar matarsa ta yi sallama da kwano a hannu. Miyar kuka ce, ga kifina a ciki yana kallona.

"Dada, na ce ki ɗanɗana. Maigida ya ce rabonsa da irin kifin nan tun yana yaro."

Na karɓa na yi godiya. Me zan ce?

Ran Asabar na sake haɗawa. Na ƙara girman ƙunshin, na yi masa hannu babba wanda ko makaho ya shafa ya san na ɗauka ne. Akawu ya karɓa da hannu biyu, ya ce ko uwarsa ba ta yi masa haka ba. Da yamma na ga igiyar. Ya kwance ta a hankali, ya ɗaure gidan sauronsa da ita.

Ran Lahadi yayar Malam, wadda muke kira Adda, ta zo daga Wuro Hausa duba yara. Na ba ta labari. Ta yi dariya har tana riƙe ciki.

"To ke ciyar da shi kike ko korarsa? Ni ma in ana kawo mini kifi duk bayan kwana biyu, sai dai a fitar da gawata."

"Adda, ba abin dariya ba ne."

"Buɗe baki ki faɗa masa."

"Malam bai taɓa faɗa wa baƙo ba."

"Malam ya yi zamani da masu ji da ido. Wannan ɗan makaranta ne, sai an rubuta masa a allo an ja layi a ƙasa." Ta gyara mayafinta, ta nuna turakar da leɓe. "Ko kuwa ki buɗe wancan. Ƙanena ba ya ciki, ke ma kin sani."

Na tashi na koma kan aikina.

Ran Litinin da hantsi na kai na uku. Wannan karon har da goran ruwa na haɗa, na kuma yi abin da Malam bai taɓa yi ba, na ce, "Wannan na hanya ne."

Akawu ya dube ni da tausayi. "Allah sarki, Dada. Ai da sauran kwana tara hutun ya ƙare. Kada ya lalace. Bari mu ci wannan, in lokaci ya yi kya haɗa mana wani."

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Ɗana, ɗakin nake so. Gobe akwai baƙo. Tun Alhamis nake sallamar ka kana cinye sallamar."

Ya miƙe tsaye, ƙunshin a hannunsa, ya rasa inda zai ajiye shi. Kunya ta kama shi har ya ba ni tausayi, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

"Dada, don Allah me ya hana ki faɗa? Motar Maiduguri da asubar yau ta tashi. Wata kuma sai Alhamis, in ruwa bai sa an rufe hanya ba."

"Dangin matarka fa?"

"Ɗaki ɗaya ne, su bakwai a ciki. Amma mu koma zaurenki, wallahi ba komai."

Zauren yana yoyo, kuma ban ga yadda zan kwantar da matar mutum a inda kowa ke wucewa ba. Da na yi magana ran Alhamis da tuni suna hanya. Kifi goma sha biyu na kashe don kada in furta kalma huɗu, ga shi na furta, kuma ba ta yi amfani ba. Na ce su zauna abinsu.

Bayan azahar na kwance mabuɗin. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da na ɗiga masa man gyaɗa. Na yi zaton ƙamshin Malam zan tarar. Warin laima na tarar. Gara ta hau bango ta yi hanya har kusa da rufi, ta cinye tabarmar gadon, ta fara gefen buzun. Hular tana nan. A ƙusa ta kusa da ita akwai damin igiyar kaba da Malam ya yanka daidai tsawon ɗauri, ya rataye don baƙin da ba su riga sun zo ba. Ban san da su ba.

Sai na ji ƙarar tsintsiya a bayana. Matar akawu ce, ta shigo ta fara shara daga bakin ƙofa. Na so in kore ta, ban kore ta ba. Muka kankare gara, muka shanya buzun, na kai hular cikin adakata.

Alhaji ya iso ran Talata da la'asar, yana riƙe da hannun matarsa. Na nuna masa ƙofar. Ya tsaya.

"Nan za ki sauke ni?"

"Nan ne ke da rufi, Alhaji."

Ya cire takalmansa tun daga waje, ya ɗaga hannu ya yi wa Malam addu'a. Bai ƙara tambaya ba, na kuwa gode masa a raina.

Akawu ya tafi ran Alhamis. Ya zo sallama yana ta sosa ƙeya, ya ba da haƙuri sau uku, sannan ya ce, "Dada, na hanyar fa... mun riga mun taɓa shi." Na shiga na haɗa masa na huɗu. Da tsumma na ɗaure.

Alhaji ya yi kwana takwas. Ran na bakwai ya tarar da ni ina cika randa, ya ce, "An sallame mu daga asibiti. In kin ga dama ki yi ɗaurin nan yau, kada in tafi ban gan shi ba." Na ciro igiya ɗaya daga damin Malam na ɗaure masa.

Turakar ba ta sake ganin kwaɗo ba, ta zama ɗakin baƙi kamar sauran. Tun daga lokacin kuma duk wanda ya yi sallama, tun yana zaure da jakarsa a hannu nake tambayarsa, "Kwana nawa?" Har yau ba ta yi mini daɗi a baki ba. Suna amsawa kuwa ba tare da sun ji komai ba, wasu har su ciro ɗan littafi su duba.