Yadda Aka Ɗauki Ɗan'inna Aiki Saboda Shiru-shiru

Sunansa na yanka Abdurrahim, amma daga Taura inda aka haife shi har Dutse inda yake zaune, da Ɗan'inna aka san shi. Kakanninsa makiyaya ne, mahaifinsa ya zauna ya kama noman gero da riɗi, shi kuma ya yi difloma a fannin gona, ya ƙare a shagon sayar da iri da taki na wani Alhaji. Mutum ne mai gaskiya da son jama'a. Aibinsa ɗaya: ba a yi masa tambaya a tafi da wuri. In ka ce masa "ya gida?" sai ka nemi wurin zama, don zai fara ne daga katangar da ruwa ya ci bara.

Wannan hali shi ya hana shi aikin albashi. Ya sha zuwa intabiyu, takardunsa lafiya lau, amma da an ce "ba mu labarin kanka" shi ke nan. Akwai inda ya ɗauko zancen tun daga shekarar da kakansa ya sauka da shanu a gefen fadama. Shugaban masu tambayar ya fita ya yi azahar ya dawo, ya tarar ba a ma sa Ɗan'inna a firamare ba.

Da wani kamfanin sayen riɗi da zoɓo ya kira shi ganawa kan aikin kula da sito, matarsa Na'ima ba ta yi shawara da shi ba, ta aika wa Murja. Murja 'yar kawunsa ce, taubashiyarsa, malamar makaranta a nan Dutse, ta kuma taɓa zama cikin masu tantance sababbin malamai. Tun suna yara ba abin da take so kamar ta ga ta ƙure shi.

Ta zo da la'asar, ta sa aka fito mata da kujera tsakar gida, shi aka ba shi turmi ya kifa ya zauna. Ta karɓi murfin tukunya da ludayin ƙarfe a hannun Na'ima.

"Ɗan mace, ga dokar. In na tambaye ka, jimla uku za ka yi ka tsaya. Ka ƙara ta huɗu, ka ji ƙara. To, ba mu labarin kanka."

"Alhamdu lillahi. Wato asalinmu, in za a bi ta wajen uba..."

Ƙwam! Kajin gidan suka watse.

"Ba asalinku aka tambaya ba. Sunanka, abin da ka karanta, aikin da ka iya. Sake."

Ya sake, aka buga. Ya sake, aka kuma bugawa. Da ƙyar aka samu ya tsaya a kan takin zamani.

"Me ya sa kake son barin inda kake aiki yanzu?"

"Ai Alhaji mutumin kirki ne, sai dai rowa. Ranar nan fa..."

Ƙwam!

"Ba a zagin tsohon maigida a gaban sabo. Ka ce kana son ka ƙaru. Mene ne rauninka?"

Nan Ɗan'inna ya washe baki, ya naɗe ƙafar wando, ya nuna tabon da wata saniya ta yi masa da ƙaho yana yaro. Na'ima da ke tankaɗe a gindin bishiya ta yi dariya har garin ya zube mata a zane.

"Ba ciwo ba, bawan Allah! Inda ka gaza. Ka faɗi ƙarami, ka faɗi yadda kake gyara shi."

"To ni ina na gaza?"

Matan biyu suka dubi juna.

Da aka zo kan "ina kake ganin kanka nan da shekara biyar," ya ce wannan sai Allah, shi ba zai yi shisshigi ba. Murja ta yarda da gaskiyarsa, ta ce ya sa "in sha Allahu" a gaba, sannan ya faɗi burinsa. Haka suka yi ta yi kullum da yamma. Tun a tsakiyar mako ya iya amsoshin, amma Murja ba ta faɗa masa ba, saboda dambun Na'ima ya yi mata daɗi, bugun murfin kuma ya fi dambun. Har tambayoyin ƙarya ta riƙa cusawa. Wata rana ta haɗe fuska ta ce, "Tsakanin ɗan mace da 'yar namiji, wane ne ubangidan wani? Kamfanoni suna tambaya yanzu."

Ya yi ta lissafi, sannan ya ce, "In dai sai na amsa wannan, a bar aikin."

Ranar ganawa ya sa farar shadda, ya hau acaɓa ya tafi. Mutum uku ya tarar a bayan tebur, na tsakiya shi ne manaja, wani dattijo mai furfura a gemu.

"Malam Abdurrahim, ba mu labarin kanka."

Ya faɗi sunansa, ya faɗi karatunsa, ya faɗi shekarun da ya yi yana hulɗa da manoma. Jimla ta huɗu ta taso masa har maƙogwaro, sai ya ji kafaɗunsa sun ɗaga da kansu suna jiran ƙara. Ya haɗiye ta. Manaja ya jira, ya ga ba ƙari, ya gyaɗa kai.

Haka aka yi ta tafiya. Da aka tambaye shi rauninsa ya ce, "Wani lokaci nakan tsawaita bayani, amma ina gyarawa." Masu tambayar suka yi dariya, sun ɗauka barkwanci ne irin na masu kunya. Manaja ya juya ga na kusa da shi ya ce, ba ma a asirce ba, "Irin wannan muke nema. Wanda ya bar wurin surutu ne ya cinye shi."

Gumi ya keto wa Ɗan'inna. Aka ba shi aiki.

Ya daure iya daurewa. Kwanakin farko leburorin sito har suna cewa sabon malamin nan ko miskili ne. Sai wata safiya manaja ya tsaya a bakin sito, ya ɗebi riɗi a tafin hannu ya ce, "Wannan kuwa na wane gari ne?"

Ɗan'inna ya duba hagu, ya duba dama, ya ja numfashi. Ya faɗi garin, da mai gonar, da wanda mai gonar ya gada, da dalilin da ya sa ƙasar wajen take ba da fari tas, da rigimar iyaka da aka yi da maƙwabcinsa, da wanda ya sasanta. Shayin manaja ya huce a ofis. Direban da ya zo ɗaukar kaya ya kashe mota ya sauko ya zauna a kan buhu.

Manaja bai kore shi ba, don a cikin zancen ya ji sunayen manoman da kamfanin ya daɗe yana nema bai san hanyarsu ba. Sai ya cire shi daga sito, ya ba shi babur, ya ce ya riƙa zaga ƙauyuka da kasuwanni, daga Buji har Gujungu, yana sayo kaya. Can ya dace. Manomi ba ya sayar wa mai gaggawa, Ɗan'inna kuwa sai ya sha fura a gida uku kafin a ɗaga buhu ɗaya.

Yanzu shekararsa ta uku ke nan a kan babur ɗin. Ya yi ƙiba kaɗan, ya sayi tumaki ya kai Taura kiwo. Rahoton mako kuwa, manaja ya kafa doka: a rubuce yake so, a miƙa wa maigadi a bakin ƙofa.